Rantsuwar Malam Bunyaminu a Kan Ƙwallo

Bagudo,
Oktoba, 1960.

Zuwa ga matata Barira, 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kuma ƙafar nan da ke kumbura? Ki gaishe mini da Baba da Inna da duk mutanen Dole Kaina. Ni lafiyata ƙalau, sai kewa. Tun da kika tafi goyon ciki gidan nan ya yi mini faɗi, in na taso daga makaranta ba wanda zan dama da surutu.

Kin yi asarar kallo. Bikin 'yancin kai ya yi kyau, amma abin da ya fi komai shi ne ƙwallon da yaranmu na ƙungiyar Zakaru suka buga da mutanen Madekali na ƙasar Dahomey. Sun zo da takalma masu ƙusa waɗanda Faransawa suka bar musu, namu kuwa ƙafa tsirara. Aka shirya cewa rabin farko da ƙwallonsu za a buga, rabi na biyu da namu. Da nasu suka zura mana biyu, har na fara neman inda zan ɓoye fuskata. Da aka dawo da namu, Na'Allah, shugaban 'yan wasanmu, ya zama wani abu daban. Uku muka rama. Na yi ihu har muryata ta dushe, washegari da alli kawai na koyar da yara.

Yayanki Lukmanu ya biyo mutanen Madekali, tun da can yake kasuwancinsa yanzu ya zama nasu. Da aka tashi sai ya tsaya a gindin tsamiyar bakin kasuwa ya tara mutane, yana cewa, "Ƙwallon ga naku an sace mishi iska. Na taɓa shi da hannuna, kamar nunanniyar gwanda." Wai ƙwallo mai taushi ya fi wa marar takalmi daɗi, mai takalmi kuwa in ya doka ba ya tashi. Borin kunya ne kawai. Gari ya rabu biyu, mahauta suna bayansa don su dama ba a raba su da gardama, mu masu hankali muna bayan yaranmu.

Mun ɗan ɗaga murya ni da shi. Idan ya biyo ta nan ya kawo miki wata magana, kada ki sa ta a ranki, kin san halin bakina in gardama ta yi zafi. Ba wani abu ba ne.

Na ba mai jirgin ruwan da zai kawo takardar nan ƙullin daddawa da zanen da kika manta a kan igiya. Ki riƙa cin abinci.

Ni ne mijinki mai tunaninki kullum,
Bunyaminu.


Bagudo,
ƙarshen Oktoba, 1960.

Zuwa ga matata Barira,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da su Baba da Inna. Takardarki ta iso. Gajeriya ce ƙwarai, ban kuma ga inda kika tambayi lafiyata ba, na san dalili.

Gaskiya Lukmanu ya faɗa miki, ba zan yi musu ba. A gindin tsamiyar nan, gaban mutane, ya ce in na tabbata yaranmu ba su yi maguɗi ba in rantse. Na rantse da Allah, ya yi dariya. Na ce a kawo Alƙur'ani, ya ce ba mai ba ni Littafi a kan tamaula. Mahauta suka kwashe da dariya, kaina ya ɗau zafi, sai na ji bakina yana cewa in dai an sace wa ƙwallon nan iska, to ƙanwarsa ba matata ba ce, na sake ta. Lukmanu ya kalle ni, ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Na ji kunyar sa sunanki a bakin kasuwa, wannan kam na amsa laifina, ki yafe mini. Ke ba abin caca ba ce. Amma ki kwantar da hankalinki, rantsuwa ba ta cin mai gaskiya. Na'Allah ɗalibina ne tun yana rubutu a ƙasa da yatsa, na san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Da na san akwai ko ɗigon shakka, da harshena bai juya ba.

Malam Manu, limamin unguwarmu, ya kira ni bayan sallar la'asar. Kin san shi da tsoron abin da bai faru ba. Cewa ya yi, "Ɗana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba. Ka ce ka maida ta gaban shaidu tun ba ta haihu ba. In ba a yi komi ba, ba ka yi hasara ba." Na yi masa godiya cikin ladabi, amma ban yi ba. Ki duba fa, in na tsaya gaban shaidu na ce na mayar da ke, ai na yarda ke nan an sake ki, na kuma yarda yaranmu ɓarayi ne. Kafin magariba labari ya haye gulbi, Lukmanu ya samu abin dariya na shekara. Ba a mayar da abin da bai tafi ba.

Ga ma shaida. Tun daga ranar gardama ta mutu a garin nan. Mahautan da ke cika baki, yanzu in na doso tsamiya sai su koma zancen farashin shanu. Jiya na tsokane su da kaina, na ce ina masu cewa an sace iska, ba wanda ya ɗaga kai. Har tsire aka ba ni kyauta. Gaskiya in ta fito haka take rufe bakin mutane.

Ki ba Baba haƙuri a madadina, ni nauyinsa nake ji, ban iya rubuta masa ba. Allah ya sauke ki lafiya.

Ni ne mijinki, yau da gobe,
Bunyaminu.


Bagudo,
Nuwamba, 1960.

Zuwa ga matata Barira, mai jego,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da wankan jego. Yaya ƙarfin jiki, yaya baƙuwarmu? Na iso gida lafiya, jirgin bai sha ruwa ba ko kaɗan.

Har yanzu ina jin nauyinta a hannuna. Da kika miƙo mini ita a ɗakin Inna ban san yadda ake riƙe mutum ƙarami haka ba, kika yi mini dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Hancin nawa ne, ko me dangin ku za su ce. Sunan da Baba ya zaɓa ya yi mini daɗi, ko da yake ni da ke ba mu da bakin faɗarsa, sai mu nemo mata wani na gida.

Baba ya karɓe ni da mutunci, bai ta da maganar ba, wannan ya fi mini duka ciwo. Lukmanu kuwa hannu kawai ya ba ni ya koma wajen masu fiɗar rago. Ba komai, zai huce. Wata mai kamawa za mu je Madekali wasan ramuwa, in muka sake cinye su a gidansu sai in ga abin da zai ce kuma.

Na sa an yi wa ɗakinki sabon daɓe. Ki yi arba'in ɗinki a natse, amma kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kai.

Ni ne mijinki mai ɗokin dawowarku,
Bunyaminu.


Bagudo,
Disamba, 1960.

Zuwa ga Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yarinya da su Baba da Inna. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba da karatu, ki kuma ba Inna yarinyar ta riƙe.

Mun je Madekali. Da aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da ɗaya, saura rabin da za a buga da ƙwallonmu, sai na sayi rake na zaga bayan motar da ta kai mu don in ba yara in ƙarfafa musu gwiwa. Na tarar da Na'Allah a tsugune, ƙwallonmu tsakanin gwiwoyinsa. Ya kwance igiyar fatar, ya zaro bakin robar ciki, yana matsawa a hankali. Da kunnena na ji iskar tana fita. Sauran yaran suna tsaye sun kare shi da jikinsu.

Bai ko firgita ba. Ya ɗago kai ya ce mini, "Malam, juya baya. Haka munka yi wancan karo, dut garin an sani. Don aurenka anka yi shiru."

Barira, ashe shirun mahauta tausayi ne. Ashe tsiren nan na kyauta sadaka ce aka ba wawa. Duk lokacin da nake yawo a gari ina buga ƙirji ina tsokanar mutane, kowa ya sani, har yaran da nake koyarwa, ni kaɗai ne ban sani ba. Da ƙasa za ta tsage a bayan motar nan da na shige.

Zan faɗa miki har abin da ya fi muni. Ban hana shi ba. Na juya baya kamar yadda ya ce, na koma cikin 'yan kallo da rakena a hannu, na zauna har aka tashi. An ce mun rama, ni ban gani ba. Abin da nake lissafawa a raina shi ne, tun da gari duka ya yarda ya yi shiru, me zai hana ni ma in yi? Ki dawo ɗakinki, mu rayu, ba mai ɗaga maganar har abada. Na so haka ƙwarai, har na tsara yadda zan tarye ki a bakin gulbi. Amma na tuna ke ce za ki zauna a gidan kina tsammanin da aure, ni kuwa na san babu, kullum in dube ki in yi miki ƙarya. Na riga na wulaƙanta ki sau ɗaya a bakin kasuwa, ba zan ƙara na biyu a cikin ɗaki ba.

Kafin motarmu ta tashi na nemi Lukmanu a rumfarsa na gaya masa shi ne mai gaskiya. Na shirya wa dariya, na shirya wa zagi, ko mari ne da na karɓa. Sai ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hannu, can ya ce, "Wallahi na hi son a ce ni am maƙaryaci." Ya yi alkawari ba zai riga takardar nan isa gida ba.

Da muka dawo na wuce wajen Malam Manu kai tsaye. Bai ce ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa, da na ji sauƙi. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Saki ya auku tun ranar da na furta, tun da abin da na rantse a kai an riga an yi shi. Mace mai ciki kuwa iddarta haihuwa ce. Daga ranar bikin 'yanci har ranar da kika sauka, kalma ɗaya ta ishe ni in mayar da ke, ita ce wadda ya roƙe ni in faɗa na ƙi don kada Lukmanu ya yi mini dariya. Da yarinya ta faɗo, idda ta cika. Ranar suna da na shiga ɗakin Inna na zauna kusa da ke, kina shayarwa ba mayafi, baƙo ne ni a wurinki. Ke ba ki da laifi a ciki, Malam ya ce in tabbatar miki da wannan.

Saki ɗaya ne, saboda haka ƙofa ba ta rufe ba, amma yanzu ba a hannuna take ba. Sai da sabon ɗaurin aure, da yardar Baba, da taki. Ranar Juma'a Malam Manu da kawuna Hassan za su zo Dole Kaina su nemi aurenki, kamar yadda aka yi da fari. Ni ba zan biyo su ba, ba ni da idon da zan kalli Baba.

Ba zan ce ki tuna da yarinya ba, don bai kamata in ɓuya a bayanta ba. Ba zan kuma rantse miki cewa na canja ba, kin ga inda rantsuwata ta kai mu. Ina son ki, ina so ki dawo, iyakar abin da nake da shi ke nan. Wancan karon Baba ne ya ba ni ke, kina kuka kina dariya ba ki san ko wane ne ni ba. Yanzu kin sani. In an tambaye ki, ki faɗi abin da ke ranki, kada ki ji nauyin kowa. In kika ce a'a, ba mai cewa kin yi laifi, ni ne farkon wanda zai shaida.

Kayanki suna nan yadda kika bar su, ban taɓa komai ba, na rufe ɗakin na kai wa Sabuwa matar maƙwabcinmu makulli. Roƙo ɗaya nake yi. In amsarki ta zama a zo a kwashe su, a zo da hantsi, lokacin da nake makaranta.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya yarinya.

Ni ne,
Bunyaminu, uban ɗiyarki.