Metod Biyu, Suna Ɗaya

Gyadi-Gyadi, Talata, Mayu 2006

Yaya Tabita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jego, ya jaririya?

Kin aiko sau biyu ban zo ba. Ba ciwo nake ba, kunya ce. Intabiyun da mijinki Godwin ya samo min a kamfanin kwamfuta, na ɓata shi da bakina.

Wata mata a cikin masu tambayar ta ce in rubuta metod biyu a yaren Java, wato umarni biyu masu suna ɗaya: ɗaya ya karɓi jerin sunaye, ɗaya jerin lambobi. Na rubuta. Ta ce ba zai yi aiki ba. Na ce Java ta yarda da suna ɗaya muddin abin da ake karɓa ya bambanta. Ta sake cewa a'a. Yaya, sai na yi dariya na ce, "Madam, ƙila kin daɗe ba ki buɗe littafi ba."

Ta turo min kwamfutarta. Na buga, kwamfutar ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ko sallama ban iya yi ba, na fice.

Da wane ido zan kalli Godwin?

Ƙaninki,
Yakubu

Tarauni, Laraba

Yakubu,

Muna lafiya. Daga Gyadi-Gyadi zuwa nan har sai da wasiƙa? Ni ban san Java ba, amma na san rashin kunya. Matar nan Hajiya Binta ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ta kai ni asibiti da naƙuda ta kama ni. Jiya ta shigo barka, ko sunanka ba ta ambata ba. Godwin ne ya kasa ɗaga kai.

To, ka gano inda ka kuskure, ko har yanzu gardama kake?

Yayarka,
Tabita

Gyadi-Gyadi, Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Na gano. Kamar buhu biyu ne, an rubuta wa ɗaya "sunaye", ɗaya "lambobi". Kafin shirin ya soma aiki, Java tana goge rubutun, su koma buhu da buhu. Ta yaya za a bambanta umarnin biyu? Da na canza wa ɗaya suna, shi ke nan. Abin da Hajiya take ƙoƙarin nuna min ke nan, ni kuwa ina dariya.

Ko za ki ba ta haƙuri a madadina? Aikin kam na haƙura.

Naki,
Yakubu

Tarauni, Asabar

Yakubu,

Barka da yau. Ba zan ba ta ba. Bakin da ya yi ɓarnar, shi zai gyara.

Gobe bayan coci za a yi wa jaririya addu'a a gida. Hajiya ce za ta raba waina, kai kuma za ka riƙe mata tire.

Ka sa farar rigarka. Allah ya kawo ka lafiya.

Tabita