Tsakin da Na Jira a Sinima

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina Baba? Yaya ƙafar Inna? An gama cire gyaɗa a Zakirai?

Ni lafiya lau nake a Koriya, karatu na tafiya. Sanyi ne kawai, ga shinkafarsu babu mai babu yaji. Na ɗan rame, amma kada ki faɗa wa Inna.

Na yi ƙawaye baƙi irina, 'yar Masar da 'yar Indunusiya. Son fim ɗin Koriya ne ya haɗa mu, duk Asabar muna sinima. Na ba su labarin yadda muke kallo a wayarki da fassarar Hausa, muna ɓarar gyaɗa. Ashe su ma da yayyensu suka fara.

Jiya aka haska wancan fim ɗin namu. Da mugun ya shigo, na jira tsakinki da "Allah wadaranka!" Shiru kake ji. Sai ni na ja tsakin, kowa ya waiwayo.

Don Allah ki turo min muryarki kina zaginsa. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Raudatu