Ƙofar Tana Nan, Gidan Ne Babu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Marasa Muhalli,

Assalamu alaikum. Ina fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, a ƙarƙashin rufi guda.

Ni tela ne a Mandawari. Gidanmu na ƙasa, ginin kakana, ya rushe a daminar bana. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Ƙofar gidan ce kawai ta tsira, makullinta yana aljihuna.

Na ɗaya: ma'aikatanku sun same ni a zauren maƙwabcina Alhaji Bashir, inda nake kwana tun lokacin. Baƙi ne, don haka na sa riga mai guga, na shimfiɗa darduma, na kawo ruwan sanyi. Suka tambayi iyali, na ce lafiya lau. To me zan ce? A cikin birni ba a tarbar baƙo da kuka. Suka dubi rigar, suka dubi zauren, suka rubuta ina da muhalli. Rigar ma ta Alhaji Bashir ce.

Na biyu: an ce a takardarku marar muhalli shi ne mai kwana a titi. Ranka ya daɗe, a lungunmu ko mutum ya so kwana a titi ba za a bar shi ba, abin kunya ne ga unguwa. Rarraba shi ake yi. Matata tana Dala wurin yayanta, 'ya'yana mata biyu suna Ƙofar Mazugal gidan gwaggonsu. In ina son ganin matata, sai in yi sallama a ƙofar wani, in jira iso. Shekararmu ashirin da shida da aure. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na uku: ɗan Alhaji Bashir zai yi aure bayan Sallah, za a toshe zauren a yi masa ɗaki. Bai ce in tashi ba, kuma ba zai ce ba. Bulo dai aka sauke jiya kusa da tabarmata.

Roƙona shi ne a sa sunana cikin waɗanda za a bai wa kwano da siminti, in tattara iyalina. In kuwa dole sai na kwana a titi, a faɗa mini ranar, in roƙi maƙwabta su kau da kai.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya tsare masa katangarsa. In za a aiko da amsa, a zura ta ƙarƙashin ƙofata. Kullum da safe ina zuwa in buɗe, in duba, in kulle.

Wassalam.

Malam Habibu Tela,
Mandawari.