Na Ce A'a Sau Ɗaya, Ta Kama Ɗaki a Otal

Anti Breda, ki taimaka mini, bakina ya jefa ni rami. Ki yi haƙuri da rubutun. Ni da makaranta mun rabu tun ina yaro, kuma ba wanda ya yi kewar wani.

'Yata tilo, Dervla, tana aikin jinya a Kanada. Rabona da ita tun jana'izar mahaifiyarta, Nuala. Yanzu za ta zo garinmu Cork da jikana Fionn, wanda ban taɓa gani ba sai ta waya. Shi ma hancina kawai ya sani, don har yau ban iya riƙe abin daidai ba.

Da ta kira ta ce, "Baba, mu sauka a gida?" sai na faɗi abin da duk ɗan mutunci zai faɗa: "Haba, gidan nan sanyi, yaro zai yi mura, ki sauka inda za ki sake." Ina jiran ta nace, in sake ƙi, ta sake matsawa, sannan in ce to tunda kin dage. Kin san halinmu, ko shayi ba a karɓa a tayin farko. Sai kawai na ji, "To Baba, ba komai." Kanada ta lalata mini yarinya, ta koyi yarda da maganar mutane.

Ta kama ɗaki a sabon otal ɗin nan na 'yan gayu da ke bakin kogin Lee. Ginin kuwa tsohon siton da na ƙarar da ƙuruciyata ina dakon buhuna ne. Na sa kwat ɗina na zuwa jana'iza na je in nemo masa aibi. Anti, ban samu ba. Kujeru kore masu laushi, ƙamshin lemo ko'ina, bangon bulo da ko fenti ba su shafa masa ba, wai shi ne adon. Ƙugiyar da muke jan kaya sun rataye mata fitilu. Aka ce mini yallaɓai, har na waiga in ga wa ya shigo. Na zauna ina kallon ƙofar da Nuala take tsayawa da abincina a hannu, Dervla a kafaɗa, har shayin da aka kawo mini ya huce.

A gida kuwa na riga na yi wa ɗakinta fenti, na sa hitar ɗumama ɗaki, na aro gadon yara wurin maƙwabcina Mossie. Da ya ji labari ya ce, "To wa za ka kwantar a ciki, tsoho? Girman kanka?"

Ni dai so nake in ji ƙafafu a matakala da safe, wani ya yi mini ƙorafi na ƙona burodi. In faɗa mata? Tsorona ta ce a'a, don tata a'ar ta gaske ce.

Tsohon Ɗan Dako, Cork

Amsa

Tsohon Ɗan Dako, na yi dariya, sannan na goge ido.

Bari in fara da ɓangarenta. Ka ce Dervla ta manta al'ada, ni ban ga alama ba. Wadda take son otal ba ta tambaya, sanarwa take yi. Ita ta fara tayi, kai kuma ka ce ɗanta zai yi mura. Wace uwa ce za ta ja da wannan? Mai yiwuwa ta ajiye waya tana tunanin ka saba da kaɗaici, ba ka son hayaniya. Mai yiwuwa kuma tana shakkar kwana a gidan da ba muryar Nuala. Ka bar mata wannan haƙƙin.

Kai ma ba laifi ka yi ba. Kara ka yi, kuma kara ado ce. Sai dai an yi ta ne don mutanen da ke zaune a kicin ɗaya, masu ganin idon juna. Ta waya kalma kaɗai ke ƙetare teku.

Saboda haka ka kira ta a makon nan. Ka ɗora wayar a kan tebur yadda za ta ga fuskarka duka. Ban da barkwanci, ko da kuwa zai shaƙe ka. Ka ce kana son su a gida, ka nuna mata ɗakin da gadon. Kada ka ce ta soke otal. Ta huce gajiyar jirgi a can, ka je ka zagaya da Fionn, ka nuna masa ƙugiyar kakansa, sauran kwanakin kuma ƙofa a buɗe take. In ta ce a'a, ka karɓa da fara'a, ka gayyace su karin kumallo, ka ƙona musu burodi.

Amma in ta ce, "Baba, ka tabbata ba za mu takura maka ba?" to a nan ne za ka riƙe harshenka da hannu biyu. Ka ce "Na tabbata," ka yi shiru.

Allah ya kawo su lafiya, ya cika maka matakala da ƙafafu.

Anti Breda