Ku Tsaya Mini Tun Ina da Rai

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa mazauna Faransa, da 'yan biro masu riƙe da ragamar ƙungiya, da duk ɗan'uwan da ya zauna a taron Bobigny na ranar Lahadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina hidimar jama'a, ina sanyi. Ina fata Hajiya da yara suna lafiya. Allah ya ƙara wa Alhaji girma.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da Damagaram. Na baro 'yata Hadiza tana koyon tafiya, yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙon da nake turawa a waya. Labarin rasuwar tsohuwata a layin perfektir, ofishin da ke ba da takardar zama, ya same ni, ban fita daga layin ba don kada in rasa wurina. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, kowa a cikinmu yana da irin nasa. Na faɗa ne don a san wanda ke magana ba jiya ya sauka ba. Kuma na rubuto a fili ne domin a fili aka yi mini dariya.

Ga wanda bai je taron ba, ga yadda abin yake. Ina aiki a wani ɗan shagon gyaran takalmi a gefen Lyon, wajen wani tsoho ɗan asalin Armeniya. Sunansa Garabed, harshena ya kasa, na mai da shi Garba, ya amsa. Shekara bakwai muna tare. Shi ne ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya raka ni perfektir har na samu takardar zama. Yanzu idonsa ya yi rauni, hannunsa ya fara rawa, ƙarshen watan gobe zai ajiye aiki. Ya ce in karɓi shagon da injinan, in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Mai ginin bai ƙi ba, amma ya ce ba zai rubuta haya da sunana ba sai na kawo garan, wato wanda zai sa hannu cewa in na kasa biyan haya shi zai biya. In ban kawo ba, akwai mai sayar da kayan waya yana jira. Garba ya ce shi zai sa hannu, mai ginin ya dubi kuɗin ritayarsa ya ce ba su isa ba. 'Yarsa kuwa ta riga ta tsaya wa mutum biyu daga danginsu, ta faɗa mini gaskiya ba za ta iya na uku ba. Sai ta dube ni ta ce, “Lawali, kai ba ka da mutane?” Na ce ina da su.

Wannan amsar ce ta sa na rufe ɗaki a Vénissieux na shiga mota zuwa Paris. Na jira aka gama maganar kuɗin zaure da ta shinkafa, na ɗaga hannu, na faɗi buƙatata, cewa kes, wato asusun ƙungiya da muke zubawa duk wata, ya tsaya mini. Alhaji ya ce, “Lawali, kes na gawa ne, ba na jari ba.” Wani ɗan biro, ba sai na faɗi sunansa ba, ya ce, “Ɗan gidan liman guda, duk Faransa ka rasa sana'a sai dukanci?” Wani daga baya ya ce, “Ka bari mu aiko maka da takalman Sallah.” Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san inda zan ajiye fuskata ba. Da Alhaji ya tashi rufe taro sai ya ce mu dubi Armeniyawa, kowa da shagonsa, 'ya'yansu likitoci, mu dubi 'yan Nepal, jiya suka zo amma ba ka ganin ɗaya yana zaman banza, mu kuwa sai kuka da roƙo. Aka tafa.

Alhaji, ni ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma ƙidaya kowa ba. Amma na ci abinci kwano ɗaya da al'ummomin nan biyu da ka ambata, kuma ina da abin faɗa.

Na ɗaya, 'yan Nepal. Shekara huɗu na farko a Paris wanke-wanke na yi a ƙarƙashin wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa, ni da wani Bishnu. Gaskiyarka, ban taɓa ganinsa yana zaman banza ba, ban taɓa ganinsa yana zaman komi ba. Kwana shida a mako muna tsaye, rabin awoyinmu kawai ake rubutawa a takardar albashi, sauran a ba mu a hannu in patoron, wato mai wurin, ya ga dama. Ɗakin da yake kwana su takwas ne, masu aikin safe su tashi masu aikin yamma su kwanta, katifar ba ta hucewa. Hannunsa ya tsattsage da ruwan zafi da sabulu har ba ya iya dunƙule shi. In aka zo ƙidaya za a rubuta Bishnu cikin masu aiki, kuma ba a yi ƙarya ba. Amma talaka ne futuk, ya fi wasu marasa aikin da na sani talauci. Kada a sake nuna mana shi a ce ga wanda ya tsira.

Abin da suke da shi da ba mu da shi, shi zan faɗa. Duk farkon wata su ashirin suna haɗuwa a ɗakin ɗayansu, kowa ya ajiye abin da aka yanka, mutum ɗaya ya kwashe. Da Bishnu ya bayyana mini na ce ai adashe ne. Ya ce, “To ku ma kuna yi?” Na ce matanmu suna yi. Ya yi ta dariya har ya saki faranti. Daga cikin su ashirin ɗin, na ga mutum uku sun buɗe nasu wurin abinci, kuma kowanne 'yan'uwansa ya ɗauka aiki. Bishnu bai shiga cikin ukun ba, kwasarsa gida ta tafi wajen rufin ɗaki da makarantar ƙannensa. Har yau yana wanke-wanke, mukan gaisa a waya da Faransancinmu mai karaya. Amma bai taɓa rasa wanda zai sa masa hannu ba. Mu kuwa matanmu a Clichy-sous-Bois suna adashe tun kafin in zo ƙasar nan, da shi suke aurar da 'ya'ya, mu maza muna ganin abin ya yi mana ƙanƙanta.

Na biyu, Armeniyawa. Shagon da Alhaji yake gani da 'yar Garba da take sayar da magani a farmasi, ba a shekara goma aka same su ba. Uban Garba ya sauka ƙasar nan yana yaro, maraya, bayan an karkashe danginsa. Ya yi aikin masaƙa, ya kwana a ɗakin kwano, ya koyi gyaran takalmi a gefen titi. Garba ya gaji guduma, 'yarsa ta gaji makaranta. Tsara uku ke nan. Hoton uban yana rataye sama da injin ɗinki, sanye da rigar aiki mai baƙin mai, kuma 'yar takan kawo 'ya'yanta ta nuna musu. Ba wanda ya ce mata jikar baduku.

Su ma ba duka ke cikin daɗi ba. Akwai wata Anahit da take zuwa shagon tana mana ɗinkin jaka da zif. Ba ta daɗe da zuwa ba. Mijinta injiniya ne a can, a nan shekarunsa nawa ba aiki ba takarda, su huɗu a ɗakin otel ɗaya da hukuma ta ajiye su. In rashin aiki ne, na fi ganinsa a sababbin Armeniyawa da a 'yan Nepal. Bambancin, in ɗayansu ya faɗi ba ya kaiwa ƙasa. Bayan coci ranar Lahadi wani zai ce yana neman mai fenti, wata za ta ce ɗakin sama ba kowa, wani zai sa hannu a takardar haya bai tambayi ko ɗan gidan wane ne ba. Garba ba ya buƙatar mai ɗinki, ni ma na iya. Ya ce mini, “Bar mata, ita ma ta samu abin kai wa yara.”

Saboda haka in za a auna mu da su, a auna daidai. Ɗan Nepal yana da aiki ba shi da kuɗi. Tsohon Ba'armeniye yana da kuɗi don kakansa ya riga ya sha wuyar, sabon kuwa ba shi da ko ɗaya. Amma dukkansu in aka ce da mutum “ba ka da mutane?” yana da wurin zuwa. Ba ƙwazo suka fi mu ba, Alhaji. Wanda ya yi shara a metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun asuba ya wuce wani aikin gadi ba rago ba ne, kuma rabin waɗanda suka tafa maka haka suke rayuwa.

Na uku, kes. Ba zan zama butulu ba. Da na sauka Paris ban san kowa ba, a falon Alhaji na yi makonni, Hajiya ba ta taɓa haɗe mini fuska ba. Da abokina Isufu ya rasu a Clichy, ƙungiya ce ta yi masa sutura ta sa shi jirgi har Maradi, uwarsa ta ga kabarinsa. Wannan aiki ne babba, Allah ya saka. Shi ya sa ban taɓa tsallake wata ban zuba ba, har lokacin da nake cin burodi da ruwan shayi. Na kuma san dokar kes ba Alhaji kaɗai ya rubuta ta ba, kuma na san an taɓa ba wani rance ya ɓace. Tsoron yana da dalili. Amma ku duba yadda abin ya zama. In na faɗi gobe a bakin injin, a cikin mako za ku tara abin da ya fi hayar shagon ta wata da watanni, ku kai ni gida a akwati, ku tsaya a filin jirgi ku yi addu'a. Yau da nake tsaye da ƙafafuna, sa hannu ɗaya ya gagara. Ban roƙi ko yuro ɗaya ba.

Maganar dukanci kuwa, na ji ta. Gaskiya ne ubana liman ne, kuma a gida ba mu taɓa fata. Amma a nan wa ya san gidan wa? Ɗan sarki yana goge bene, ɗan malam yana ɗaukar kwali a sito, mun yarda da wannan don ana yinsa a ɓoye cikin rigar kamfani. Wanda zai zauna a shagonsa da sunansa a ƙofa shi ne abin dariya. Ni na gaji da ɓoyo. Ranar Sallah nakan yi idi in dawo in buɗe shago, in ci abincina ni kaɗai a bayan kanta. Ranar Lahadi nakan hau tiram, jirgin cikin gari, in kai ƙarshen layi in dawo, don kawai in ji muryar mutane. Wanda ke tambayata ko na ci abinci a garin nan tsohon Kirista ne mai rawar hannu, shi ma zai koma wajen 'yarsa. In shagon ya tafi, sito zan koma neman aikin wucin gadi da shekara arba'in da shida a kaina, kuma maganar kawo Hadiza da uwarta ta mutu, don hukuma ba ta duba takardar wanda ba shi da tsayayyen abin shiga.

Ga abin da nake roƙo. Alhaji ya kira biro kafin ƙarshen watan nan, ba sai babban taro ba. In doka ta hana kes tsayawa, to a samu mutum ɗaya mai tsayayyen albashi, ko biyu su haɗu, su sa hannu da sunansu. Wanda ya yarda ya zo Lyon, ni zan biya motar, ya zauna a shagon yini guda ya ga masu shigowa da idonsa, ya tambayi Garba halina ba a gabana ba. Sannan a sa maganar adashen maza a taro na gaba, ko da ni ban amfana ba, saboda yaran da ke sauka yanzu. In kuwa amsar a'a ce, a faɗa mini da wuri kuma a rubuce, don in san abin da zan gaya wa 'yar Garba. Ba zan daina zuba kes ba ko yaya ta kasance.

Allah ya ja kwanan Alhaji, ya raya masa zuri'a, ya sa ya gama da hidimar jama'a lafiya. Waɗanda suka yi dariya na yafe, ni ma a yafe mini in harshena ya yi kaifi. Allah ya mai da kowa gida da ƙafarsa.

Wanda zai tsaya wa mutum yana da haƙƙin sanin abin da ke hannunsa, don haka ga shi ba ɓoyo. Yuro dubu bakwai da ɗari biyu a banki. Ɗari uku a gwangwanin man takalmi. Guduma biyu da wuƙar fata ɗaya da na saya da kuɗina. Ba ni da fili a gida, ba kuma wanda ke bina bashi a nan.

Wassalam.

Naku,
Lawali, mai gyaran takalmi,
Vénissieux.