Gilashin da Adila ta jira

Haɗejiya, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Safiyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai, kai da matarka Najwa, a can ƙasar da karatu ya kai ku. Mu nan alhamdulillahi. Ruwa ya janye daga fadama, Baban Adila ya koma gonar shinkafa yana tsintar abin da ambaliya ta rage. Inna na fama da gwiwarta, kullum sai ta tambaya ko kana cin abinci. Masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba.

Na saurari saƙon muryarka har ya kusa zama hadda. Ka ce za ka ajiye binciken ka dawo gida, tunda 'yata Adila, wadda kake yi dominta, ta rasu. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya kuka ba zai bar ni in yi maka faɗan da ya kamace ka ba.

Ka san ni ce kan gaba wajen yi maka tsiya. Na ce an tura ka ƙasar waje, ka ƙare a wankin gilashin da bai wuce farcen yatsa ba, ni da nake wanke kwanukan gida guda kafin hantsi ba a ba ni digiri ba. Ka yi dariya, ka ce sai an wanke fuskar gilashin tas, a shimfiɗa masa magani hawa-hawa, don idan ɗigon yawu ya bi ta 'yan siraran hanyoyinsa, sinadarin da ake nema kaɗai zai maƙale. Ka ce shimfiɗar ce ke ba ka wuya, yau ta kama, gobe ta saɓule. Na ce ashe daɓe kake yi, kuma daɓe ba ya son gaggawa.

Adila kuwa ba ta taɓa yi maka tsiya ba. Tun tana zanin goyo jikinta ba ya samar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ƙarfi, sai ƙwaya kullum, kuma ba a daidaita ƙwayar sai an ɗebi jini a Kano. Kai ka san tafiyar, ba ka san kukan ba. Jijiyoyin hannunta duk sun ɓuya, a zuwanmu na ƙarshe a ƙafa aka samu. A mota tana jingine da ni ta ce, "Umma, in Kawu ya gama, tofawa kawai zan yi ko?" Na ce mata ƙwarai. Daga nan ta riƙa gwaji a murfin kwalba kowace safiya, wai kar ranar ta zo ba ta iya ba.

Ban ce da gilashinka ya iso da ta rayu ba, astagfirullah. Ruwa ya datse hanya, gwaji ya wuce lokacinsa, zazzaɓi ya shigo, kwana ya ƙare. Na karɓi wannan, ko da yake wallahi zuciyata har yau ba ta huce ba.

Amma akwai abin da na hana kowa ya gaya maka. Ɗan jaririnmu Tasi'u, wanda ba ka gani ba sai a hoto, ya fara amai yana ƙin nono, jikinsa ya yi laushi. Ban jira kowa ba, na san wannan laushin. Likita a Kano ya ce ciwon yayarsa ne. An ɗora shi a kan magani, yanzu yana tsotso, har ya fara kumatu. Amma ranar ni na riƙe ƙafarsa aka soka allurar, Safiyanu, kuma haka zan yi ta riƙewa.

To ka dawo ka yi mini me? Zaman makoki an tashi. Ka koma ka wanke gilashinka, in shimfiɗar ta saɓule ka sake wata. Ba zan ƙara yi maka tsiya ba.

Inna tana sa maka albarka. Goggo Yelwa da Baban Adila suna gaishe ku, ka gaida mini Najwa da kyau. Murfin kwalbar nan yana cikin adakata, na wanke shi na ajiye wa Tasi'u.

Yayarka,
Zainaba.