Muryar da Baba Bai San Ina da Ita Ba

Zuwa ga Gwaggo Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban Hafizu da yara. Allah Ya ci gaba da tsare ku a can Fatakwal. Mu nan Ƙofar Ran kowa ƙalau. Ƙafar Hajiya Kaka ta yi sauƙi, har ta matsa sai da aka kai ta kasuwar Muda Lawal ta zaɓi atamfa da kanta.

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Littattafan soyayyar nan da kika bar min, ba a zuci nake karanta su ba. In gida ya yi tsit sai in shige ɗakin ajiyar hatsi in karanta a bayyane, in yi muryar budurwar, in yi ta uwarta, har ta saurayin. Ina son jin muryata a can, ni da ko sunana aka kira a aji hannu kawai nake ɗagawa. To muryar nan ce ta jefa ni tsaka mai wuya.

Makarantarmu ta tura mu uku gasar haɗa manhajar waya ta 'yan sakandare da ake yi a Yelwa: ni da Felicia da Mahfuz. Felicia ce shugabarmu, ita ke rubuta yawancin umarnin kwamfutar, ni ina bin bayanta ina neman kurakurai. Manhajarmu tana tuna wa masu juna biyu ranar awo da lokacin shan magani, da baki take faɗa, saboda matan da ba su iya karatu ba. Da farko muryar Mahfuz muka ɗauka. Da muka kunna wa matan da ke share ɗakin taron, ɗaya ta ja mayafi ta ce ita ƙato ba zai yi mata zancen cikinta a gaban surukarta ba. Felicia ta gwada, sai ga ta tana sauri kamar mai kiran fasinja, ita kanta sai da ta yi dariya. Sai suka zuba min ido. Na karɓi wayar na koma bayan labule, na rufe ido na ɗauka a ɗakin hatsi nake. Da suka saurara, Mahfuz ya ce ashe rowa nake musu duk shekarun nan. A littafi nan ne budurwa take sunkuyar da kai ta yi murmushi, ni kuwa tari ne ya sarƙe ni.

Mun kai zagayen ƙarshe, gobe ne, kuma a lasifika za a kunna gaban alƙalai da iyaye. Ɗazu da rana Baba ya shigo da fara'arsa, wai masu gasar sun roƙe shi ya buɗe taron da addu'a, ya amsa, har ya ba da babbar rigarsa guga. Shi a saninsa danne-dannen kwamfuta kawai nake yi. Kin dai san yayanki. Sallamar baƙo ma in na amsa da ƙarfi sai ya aiko a ce in sassauta. Yanzu zai zauna a sahun gaba cikin maza, ya ji 'yarsa da ba ta yi aure ba tana cewa in kin ga jini kada ki jira, maza ki tafi asibiti.

Na kira Felicia da wayar Umma, na roƙe ta a cire muryar a bar rubutu. Ta ce in na dage za ta cire, ba za ta kunyata ni ba, amma in sani alƙalai za su tambaye ta amfanin rubutu ga wadda ba ta karatu, kuma ba ta da amsa. Ko faɗa ba ta yi min ba, shi ya fi ci min rai. Ta ce in yanke shawara kafin safiya. Bayan la'asar na je har ƙofar ɗakin Baba, na tsaya, na dawo ban shiga ba. Da kina nan da ke za ki shiga, ke kaɗai kike sa shi dariya yana tsakiyar faɗa. Rana dai ba ta ƙarya.

Ki gaida Baban Hafizu, da Hafizu da Khadijatu, da maƙwabciyarku Anti Mary. Umma da Hajiya Kaka suna gaishe ki.

Baba ya ce in kawo takardar ya haɗa da saƙon da zai ba Hammajoda direba. Na ɗauki ambulan zan liƙe, sai na ajiye, domin amsarki ba za ta riga gobe isowa ba. A buɗe zan miƙa masa, in ce ya karanta kafin ya bayar, in tsaya a wurin har ya kai ƙarshe. Ba zan goge ko layi ɗaya ba. An idar da magariba, ga motsinsa nan a soro.

Taki 'ya,
Amatullah